Neman Wanda Zai Gaya Maka Aibinka

Darasinmu na wannan mako a kan wata mas'ala ce wadda masana falsafa suka daɗe suna nazarinta, watau yadda mutum zai kula da ransa ya gyara halinsa. A ganinsu wannan aiki ba ya yiwuwa sai da gaskiya, ga shi kuwa laifi tudu ne, kowa kan taka nasa ya hango na wani.

Jalinusu, likitan nan na Girkawa wanda aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya, ya lura cewa son kai yana makantar da mutum ga barin ganin aibinsa. Saboda haka ya ba da shawarar a nemi dattijo wanda aka shaide shi da gaskiya, a roƙe shi ya riƙa faɗin duk abin da ya gani. Amma kafin a amince da shi, sai a duba ko yana yawan zarya a ƙofar attajirai da masu mulki, domin mai wannan hali ya saba da daɗin baki. In kuma aka kwana biyu ya ce bai ga kome ba, kada a yarda. Wataƙila tsoron ɓacin ranka ne ya rufe masa baki.

Abubakar ar-Razi, likitan Bagadaza wanda ya rasu a 925, ya ɗauko wannan shawara ya sa a littafinsa Aɗ-Ɗibbur Ruhani. Ya ƙara da cewa lalle a nuna wa mai faɗin murna, don kada ya ja da baya.

Sa'an nan Imamu Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hanyoyi huɗu na sanin aibin kai cikin Ihya'u: malami mai basira, da aboki mai gaskiya, da harshen maƙiya, da lura da abin da kake ƙi a wurin mutane. Ta ukun nan ita ce mai ɗaci, amma maƙiyi dai ba ya ɓoye maka kome don kunya.

Abin da ya dami Imamu shi ne, da wani zai ce mana ga kunama a cikin rigarmu, da mun gode masa mun kakkaɓe. Amma in ya nuna mana hassada ko girman kai, waɗanda dafinsu ya fi na kunama daɗewa, sai mu juya mu fara lissafa masa nasa laifuffukan.