Darasi na 14: Akushin Maƙwabci Ran Biki

In hunturu ya shigo, an gama girbi, an zuba dammunan hatsi a rumbu, sai bukukuwa su yi yawa. A cikin wannan lokaci ne Kiristoci su ke yin Kirsimeti, ran 25 ga Disamba, watau bikin tunawa da haihuwar Annabi Isa. Bayan mako guda kuma a shiga sabuwar shekara ta Miladiyya.

A ƙasar Boɗinga da Shagari kusan dukanmu Musulmi ne. Amma akwai Kiristoci a cikinmu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu kanti, da samari da 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima. Ran Babbar Salla mu kan aika musu da naman layya. Ran Kirsimeti su kuma su kan aiko da shinkafa da kaza da cincin. To, a kan wannan akushi ne gardama ta kan tashi. Wani ya karɓa ya ci. Wani ya ce bai halatta ba. Har a kan sami wanda zai sa yaro ya zubar a gaban ɗan aike. Darasinmu na yau a kan wannan ne.

Lissafin kwanaki

Shekarar Miladiyya kwana 365 ce, tana bin rana. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana bin wata. Bambancinsu kwana 11. Saboda haka Kirsimeti kullum cikin hunturu ta ke, amma Salla da Maulidi suna matsowa baya kowace shekara, sai sun zaga damina da rani cikin shekara 33. Shi ya sa wani sa'i bukukuwan su kan haɗu. A 2007 an yi Babbar Salla 'yan kwanaki kafin Kirsimeti. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Maulidi ran 24 ga Disamba, washegari aka yi na Kirsimeti. Bisa lissafi kuma Ƙaramar Salla za ta zo dab da Kirsimeti a 2033, in Allah ya kai mu. Kun ga ke nan, ko mun so ko mun ƙi, kasuwa ɗaya za mu ci, mota ɗaya za mu shiga.

Abu uku ne, kada mu cuɗa su

Na ɗaya, ibada. Wannan ba gardama. Musulmi ba zai yi ibadar Kirista ba, Kirista ba zai yi ta Musulmi ba. Mai aiko da akushi bai ce a bi shi coci ba, kamar yadda mai aika naman layya bai ce a bi shi Idi ba.

Na biyu, abinci. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi abincin Ma'abota Littafi, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuwa ta yarda a kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Amma an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi abin da aka yanka musamman domin idinsu. Shi ya sa Kiristoci da yawa a Arewa su kan kai dabbarsu wurin Musulmi ya yanka, don maƙwabta su ci da kwanciyar rai.

Na uku, gaisuwa. Waɗansu malamai, irin su Ibnul Ƙayyim, sun hana yi musu barka da idinsu. Waɗansu kuwa, irin su malaman Azhar ta Masar a zamaninmu, sun ce gaisuwar maƙwabtaka ce, ba laifi.

Ajin yaƙi da jahilci ba zauren fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, malamai sun saɓa. Ko tsakaninmu Musulmi haka mu ke a kan Maulidi: 'yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna yi, 'yan Izala ba su yi. Kiristoci ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Na Habasha da Ƙibɗawan Masar sai ran 7 ga Janairu su ke Kirsimeti, waɗansu ɗarikunsu kuwa ba su yin ta sam.

Abin koyi a ƙasarmu

Ba sai mun je nesa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Sifawa ya wallafa littafinsa Najmul Ikhwan a 1812, inda ya ja kunnen almajirai kada su yi gaggawar zargin mutane a kan abin da malamai suka saɓa. Maganarsa tsakanin Musulmi ce, ta kuwa dace da mu sarai: wanda ya ci kada ya raina wanda ya bari, wanda ya bari kada ya kafirta wanda ya ci.

Alhaji Shehu Shagari kuma malamin makaranta ne kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Mataimakinsa, Dokta Alex Ekwueme, Kirista ne. Da Paparoma John Paul na Biyu ya zo Nijeriya a Fabrairu 1982, Shagari ya tarbe shi a Legas da girmamawa. Wannan bai rage Musuluncinsa da kome ba. Da ya rasu a Disamba 2018, a garin Shagari aka yi masa salla aka binne shi.

Mun kuma ga inda rashin haƙuri ya ke kai mutane. Ran 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bisa zargin ɓatanci. Aka rufe kwalejin, aka sa dokar hana fita a birni, kasuwa ta tsaya. Majalisar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bin addininsa, hukunci kuwa na alƙali ne, ba na taron jama'a ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Yadda za mu yi

In an kawo maka akushi, ka karɓa da fara'a, ka yi godiya. In ranka bai kwanta da ci ba, ba wanda ya tilasta maka. Amma kada ka zubar a idon ɗan aike, kada ka zagi mai aikowa a gaban 'ya'yanka. Abin da yaro ya ji a gida shi zai faɗa a makaranta. In za ka iya, ka sami maƙwabcin naka wata rana daban, ka gaya masa dalilinka da taushin murya.

Kai kuma mai biki, ka san abin da maƙwabcinka ba ya ci, kada ka aika masa da shi. In bai yi maka barka ba, kada ka ɗauka ƙiyayya ce. Wataƙila shi ne zai fara kawo guga ran da gobara ta kama ɗakinka.

Dukanmu kuwa mu lura da lasifika da dare, ta masallaci ko ta coci, don akwai marasa lafiya da jarirai. Mu hana yara wasa da abubuwan fashewa kusa da danga da rumbu, gama iskar hunturu ba ta tambayar addinin mai gida. In saɓani ya taso, a kai wa mai unguwa ko hakimi tun bai yi tsamari ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi

1. Kwana nawa ne tsakanin shekarar Hijira da ta Miladiyya?
2. Faɗi abu uku da aka ce kada mu cuɗa.
3. Wane gargaɗi Shehu ya yi wa almajirai a Sifawa?
4. In an kawo maka abincin da ba za ka ci ba, yaya za ka yi?

Aikin rubutu: Rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga maƙwabcinka, ka gode masa a kan wani alheri da ya yi maka.