Darasi: Sabon Direba da Doguwar Tafiya

Akwai wani malamin makaranta a Tudun Jukun, cikin Zariya, wanda ya sayi mota, ya koyi tuƙi, ya karɓi lasin. Wata huɗu yana tuƙi tsakanin gidansa da Tudun Wada da Sabon Gari, amma bai taɓa fita bayan gari ba. Ana nan sai aka sa ranar auren ƙanwarsa a Kano. Matarsa ta ce, “Maigida, ai bana a motarmu za mu.” Yara uku suka yi ta murna. Shi kuwa gabansa ya faɗi, gama tafiyar ta ɗara kilomita 150, dukan iyalinsa kuma za su kasance a hannunsa. Daren nan bai yi barcin kirki ba.

Da gari ya waye ya tafi wurin wani tsohon direba, maƙwabcinsa, ya ce, “Baba, tsoro na ke ji.” Tsohon ya ce, “Madalla, ɗana. Da ka ce ba ka jin kome, da na hana ka tafiya.” Bari mu bincika abin da tsohon ya koya masa.

1. Tsoro iri biyu ne

Akwai tsoron da ke sa mutum ya yi shiri, akwai kuma wanda ke ɗaure masa hannu. Na fari yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, cikin rahotonta na 2023, mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya. Na biyu kuwa shi ke sa direba ya ƙanƙame sitiyari, ya taka birki farat ɗaya don an yi masa oda daga baya. Maganinsa sani ne da sabo. Domin wannan tsohon ya sa malamin ya tuƙa shi har bayan gari, kan babbar hanya, safiya uku a jere, har ƙarar tirela ta daina razana shi.

2. Ba a fafe gora ranar tafiya

Kwana biyu kafin tashi, a kai mota wurin bakanike. A duba birki, da bakin mai, da ruwan lagireto, da fitilu. A je wurin mai faci ya gwada iskar tayoyi, har da safaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyu na fari mako ne, biyu na ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ta kan fashe a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba. Kada a manta da jak, da lasin, da takardun mota.

3. Sauri ya haifi nawa

Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya. Wannan iyaka ce, ba tilas ne ka kai ta ba. Mu lura da lissafin nan. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Idan ka waiwaya daƙiƙa biyu don ka tsawata wa yara, ka yi mita 44 ke nan ba ka ga hanya ba. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ya kan ninku sau huɗu.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 a hannun dama a ke tuƙi a ƙasar nan. Saboda haka ka tsaya a layin dama, mai gaggawa ya wuce ta hagunka. Ba abin kunya ba ne a wuce ka.

4. Iyali ma suna da aikinsu

Kowa ya ɗaura bel. Yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna a baya. Uwargida ta riƙe waya, ta kula da yara, domin idon direba ya zauna kan hanya. A ajiye lambar 122 cikin waya. Ita ce ta kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. A tashi da safe bayan gari ya yi haske, a isa da rana. Idan barci ya fara fizgar direba, sai ya sauka gefe ya huta.

5. Ba kai ne na fari ba

A watan Agusta 1888, a ƙasar Jamus, wata mata, Bertha Benz, ta ɗauki ’ya’yanta maza biyu cikin motar da mijinta Karl Benz ya ƙera, suka tashi daga Mannheim zuwa Pforzheim, wurin mahaifiyarta. Tafiyar ta ɗara kilomita 100, ba wanda ya taɓa yin irinta a mota. Babu gidan mai ko ɗaya, sai a shagon mai magani ta sayi mai a garin Wiesloch. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta buɗe shi. Da birki ya cinye, baduku ta sa ya buga masa fata. Kowace wahala ta zo, sai ta tsaya ta gyara, sa’an nan ta ci gaba. Da magariba suka isa.

Yadda tafiyar ta kasance

Ran tafiya malamin ya tashi da ƙarfe 7. Kafin Tashar Yari tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Wata tanka ta taso masa a baya tana oda; ya tuna maganar tsohon, ya riƙe layinsa, ta wuce. A Kwanar Dangora suka tsaya, suka sha ruwa, ya zaga ya duba tayoyi. Da suka wuce Kura sai ya ji kansa yana amsa hirar matarsa. Suka shiga Kano ta Na’ibawa wajen ƙarfe 10. Ɗan autansa ya ce, “Baba, motoci da yawa sun wuce mu.” Ya ce, “I, amma ga mu mun iso.”

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tsoron nan biyu? Wanne ne ke damunka?
2. Je ka duba tayar motar gidanku. A wace shekara aka yi ta?
3. Mita nawa mota ke ci cikin daƙiƙa uku idan tana gudun kilomita 80?
4. Idan kai fasinja ne, ka ga direba yana gyangyaɗi, me za ka ce masa?