Yadda Ake Zaɓen Kifi Mai Haihuwa Domin Ƙaramin Akwatin Gilashi

Daga cikin al'ajabin halittar Ubangiji akwai wasu ƙananan kifaye waɗanda ba sa zuba ƙwai kamar tarwaɗa da karfasa, sai dai uwar ta ɗauki ciki wajen mako huɗu, sannan ta haifi 'ya'ya rayayyu masu iyo nan take. Mashahuransu huɗu ne, wato gufi da filati da moli da mai-takobi, kuma asalinsu ƙasashen Amurka ne masu zafi, tun daga Meziko har Benezuwela da tsibirin Tirinidad. Mutumin Dogon Dutsi ko Tibiri da ke sha'awar ajiye su a ɗaki, wajibi ne ya gabatar da halin ƙasarsa a kan kyawun launi, ya bi wannan tartibi.

Da farko, auna mazubinka. Idan bai wuce lita 40 ba, to gufi ko filati ne daidai da kai, domin tsawonsu bai cika wuce santimita 6 ba, kuma guda biyar ko shida sun wadatar. Amma moli da mai-takobi, da yake suna kai santimita 10 ko fiye, ga shi na biyun gwanin tsalle ne, ba su dace ba sai da akwati na lita 80 mai murfi.

Na biyu, yi la'akari da zafi. Waɗannan kifaye sun fi sakewa tsakanin digiri 22 da 28, alhali kuwa bazarar Arewa, a Afrilu da Mayu, takan haura 40, ruwa kuma idan ya ɗumama iskar da ke cikinsa takan ragu. Saboda haka ka aje akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da rufin kwano, ka kuma taƙaita yawan kifin yadda ko wuta ta ɗauke, injin iska ya tsaya, ba za su galabaita ba. In hunturu ya shigo kuwa, sai ka lulluɓe akwatin da bargo da dare.

Na uku, gyara ruwa. Suna son ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai, don haka ruwan rijiya mai daɗin sha ya fi musu ruwan sama. Na famfo kuwa sai ya kwana a buɗe, sinadarin kulorin ya fice. Ka dasa ciyawar ruwa, ka sa matatar ruwa ka bar ta tana aiki mako uku ko huɗu kafin ka sa kifi, bayan haka ka riƙa sauya rubu'in ruwan kowane mako.

Na huɗu, duba lafiyarsu a wurin mai sayarwa. Zaɓi mai kuzari wanda ya baza fukafukansa, ka guji mai fararen ɗige-ɗige a jiki, da mai ramammen ciki, da wanda ya laƙe a saman ruwa yana haki. Idan daga Yamai za ka ɗauko, tafiya ce ta fiye da kilomita 250, sai ka bi motar asuba, ledar kifin tana cikin kula. Da isowa ka ɗora ledar bisa ruwan akwatin minti 20 kafin ka kwance.

Na biyar, wanda shi ne jigon al'amarin, tsara maza da mata. Namiji ya fi ƙanƙanta da ado, fiffikensa na ƙarƙashin ciki siriri ne kamar tsinke, na mace kuwa a baje yake. Ka haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, domin in maza suka rinjaya sukan matsa wa mace har ta jigata. Ka sani kuma mace takan adana maniyyi ta haihu sau da dama ba tare da namiji ba, kowace haihuwa 'ya'ya 20 ko fiye, kuma iyaye sukan cinye waɗanda ba su sami mafaka a ciyawa ba. Wanda ba shi da wurin rainon zuriya, maza zalla ya fi masa maslaha.

In sun yi maka yawa, ka kyautar, kada ka zuba su a Tafkin Sau ko fadamun Dallol Mawuri, gama baƙon kifi yakan ƙuntata wa na gida. Kuma tun da Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, to kada ka saya fiye da abin da za ka iya sauke haƙƙinsa.