Darasin Su: Fatsa da Tanar Roba

Ɗan'uwa manomi, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Idan kana kusa da tabki, kamar na Madarunfa, Tabalak ko Gidimuni, kifi zai iya ƙara maka cefane. Amma a lokacin ɗari ruwa yakan kwanta ya yi garau. Kifi yana ganin zare mai kauri da babbar ƙugiya, sai ya guje. Maganin abin shi ne ka rage nauyin kayanka.

Daga ina dabarar ta fito?

A Amurka akwai wani kifi mai suna bas, mai farautar ƙananan kifaye kamar yadda giwan ruwa yake yi a wajenmu. A shekarar 1949 wani mutum, Nick Creme, ya fara ƙera tana ta roba mai laushi a jihar Ohayo. Masu fatsar can sun lura cewa in kifi ya yi wayo, ƙaramar tana da siririn zare sun fi kama shi.

Kayan aiki

1. Zaren nilan siriri, mai kaurin milimeta 0,25.
2. Ƙugiya ƙarama mai kaifi.
3. Tanar roba mai tsawon santimeta 8 zuwa 10.
4. Darma mai nauyin giram 2 ko 3.

Yadda za ka ɗaura

1. Soka bakin ƙugiya a kan tanar, kamar rabin santimeta, ka fito da shi ta gefe.
2. Tura kan tanar har ya kai ga ƙullin zare.
3. Juya ƙugiyar, ka nutsa bakinta cikin jikin tanar. Haka ba za ta maƙale a ciyawa ba.
4. Duba da kyau: tanar ta miƙe sak. In ta lanƙwashe, za ta riƙa juyawa tana murɗe maka zare.
5. Matse darma a kan zaren, kamu biyu sama da ƙugiya. Kada ka matse ta da haƙori, darma guba ce.

Yadda za ka yi fatsar

Ka fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Jefa kusa da ciyawa ko kututturen da ya nutse, nan kifi yake fakewa. Bari tanar ta kai ƙasa. Ja ta kamu ɗaya, ka tsaya ka ƙirga goma, sannan ka sake ja. Gaggawa ita ce ke korar kifi. In ka ji zare ya yi nauyi, ko ka ga yana tafiya gefe, fizga da ƙarfi, domin sai bakin ƙugiya ya huda robar kafin ya kama.

Hattara

Giwan ruwa yana da ƙashi mai kaifi a kumatu, yana yanke zare. Ƙulla rabin mita na zare mai kauri daga ƙugiya. In babba ya kama, kada ka yi kokawa da shi, bar shi ya gaji. Karfasa kuwa ta fi son tana ta gaskiya. Robar da ta yage kada ka jefa ta a ruwa. Ƙaramin kifi ka mayar da shi, shi ne cefanen baɗi.

Tambayoyi

1. Don me ake ɓoye bakin ƙugiya?
2. Ina ake matse darma?

Ku tattauna amsoshin tare da malaminku na yaƙi da jahilci.