Ƙwayar da ke kawo ƙyanda

Ƴan uwa, in rani ya kama, ƙyanda takan zagaya garuruwanmu. Wasu na ce mata dussa, wasu baƙon dauro. Daga Sabon Gida har Madawa, Buza da Keita, kowace uwa ta san ta. Wasu na cewa iska ce. Ba iska ba ce. Wata ƙwaya ce da likitoci ke kira birus.

Birus ƙarama ce ƙwarai. Ido ba ya ganin ta. Sai an jera dubbai kafin su kai kaurin ƙwayar gero ɗaya. Ƙirarta kamar laya take: rubutu a ciki, kube a waje. Rubutun nan umurni ne na yadda za a ƙera wata irinta.

Ba ta ci, ba ta sha, ba ta haihuwa da kanta. To, ƙaƙa take yaɗuwa? Ku tuna da ƙuduji. Irinsa yana kwance cikin ƙasa, ba ya tsira sai ya samu saiwar hatsi. Haka birus take. Sai ta samu jikin mai rai.

Jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan ɗakuna masu rai, masu yawan gaske. Kowane ɗaki yana da aikinsa. In mai ƙyanda ya yi tari, ƙwayoyin su bi iska. Suna iya daɗewa cikin ɗakin kwana har awa 2. Yaro ya shaƙa. Ƙwayar ta manne ga ɗaya daga cikin ƴan ɗakunan jikinsa, ta zuba rubutunta ciki. Ɗakin nan ya bi umurnin baƙuwa, ya shiga ƙera sababbin ƙwayoyi da kayan kansa. Su fito, su kama wasu ɗakuna, su bi jini su game jiki.

Duk wannan a ɓoye ake yin shi. Sai bayan kwana 10 zuwa 12 zazzaɓi ya taso, da tari, da jan ido. Ƙuraje su biyo baya. Abin da ya fi muni, yaron yana ba wasu cutar tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito. Cikin yara 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, wajen 9 za su kamu.

Ƙyanda tana kashe ɗakunan da ke tsaron jiki. Shi ya sa zawo da ciwon haƙarƙari ke biyo ta. Kapson da ake saye a kasuwa ba ya kashe birus, ɓarnar kuɗi ce. A kai yaro gidan likita, a ba shi bitamin A. Kada a hana shi nono, ruwa da kunu.

Allurar rigakafi birus ce da aka raunana. Jiki ya gan ta, ya koyi yaƙi da ita. Da rigakafi aka kawar da agana daga duniya, aka yi shela a 1980. Bushiya ta shanu, ƴar uwar ƙyanda, ita ma ta ƙare a 2011.

Ana yi wa yaro allurar ƙyanda in ya cika wata 9, kyauta. A koma a yi ta biyu bayan ya wuce shekara ɗaya. A tafi da katin yaro, likita zai rubuta ranar komowa.