Renon Yaran Mata Masu Sana'a a Kudancin Kano

Wata mai sauraro daga Kiru ta tambaya ko gwamnati na biyan tallafin reno, wato kuɗin da ake bai wa iyaye masu ƙaramin ƙarfi domin a kula musu da yara lokacin da suke wajen aiki.

A Najeriya taimakon ya fi zuwa ne ta hanyar makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kulawa da ƙananan yara cikin ilimin farko, kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ce ke lura da azuzuwan share fage da ke cikin wasu firamaren gwamnati, a jihar Kano da ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019.

Sai dai waɗannan azuzuwa ba sa karɓar jarirai, kuma suna tashi tun da rana. Saboda haka matar da ke turara shinkafa a Tudun Wada, ko aikatau a gonakin masara na Doguwa, ko noman rani kusa da dam ɗin Tiga a Bebeji, ta dogara ne ga goyo, ko kaka, ko 'yar raino, wadda galibi yarinya ce da ya kamata a ce tana aji, abin da ke matuƙar damun duk mai kishin karatun 'ya'ya mata.