Amsar Tambaya: Haɗa Sandar Wasan Bidiyo a Gida

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Azhar, Alƙahira. Ina son haɗa sandar wasa irin ta gidan gem don PlayStation. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, ka nufi Babul Luƙ, inda shagunan kayan lantarki suke, ka sayi waya da ƙarfen walda da dalma. Kafinta ya yi maka akwatin katako mai nauyi, don kada ya riƙa zamewa a cinya. Faɗin ramin kowanne daga cikin madannai takwas milimita 30 ne. Sandar kuwa makunnai huɗu gare ta: sama, ƙasa, hagu, dama. Ta kamfanin Sanwa na Japan tana da ƙarko.

Wurin da za ka natsu shi ne allon lantarki. Mai araha, Zero Delay, yana aiki a kwamfuta, amma PlayStation 4 na tantance abin da aka jona mata. Allon da ba ta amince da shi ba yakan yanke bayan kamar minti 8. Nemi na Brook wanda ya dace da na'urarka. Gwada kowane madanni a kwamfuta kafin ka rufe akwatin. Allah ya ba da sa'a, karatu dai shi ne gaba.